'Yan Matan Da Suka Girgiza Wariyar Launin Fata A Amurka

Wannan shi ne jawabin da wata malamar tarihi, wadda take cikin shugabannin reshen mata na jam'iyya, ta yi wa samari da 'yan matan jam'iyya a wani taron ƙara wa juna sani da aka yi a Ikko. An buga shi a nan domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Malamar ta ce abin da za ta yi magana a kansa shi ne irin ƙoƙarin da 'yan mata ƙanana suka yi wajen karya dokokin wariyar launin fata a Amurka, da kuma abin da manya suka saka musu da shi. Ta ce duk wanda ya taɓa jin labarin gwagwarmayar baƙar fatar Amurka ya san sunan Martin Luther King. Amma kaɗan ne suka san cewa manyan shari'u biyu da suka rushe wariya a makarantu da cikin motocin haya, akwai hannun 'yan mata 'yan shekara 15 da 16 a cikinsu tun daga tushe.

Ta bayyana cewa a can Amurka akan haɗa matan da ba farar fata ba a dube su a matsayin rukuni guda, wato baƙaƙe jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, da 'yan asalin ƙasar waɗanda Turawa suka tarar, da masu asali daga Meziko da maƙwabtanta, da kuma na Asiya. Abin da ya haɗa su shi ne kaya biyu da suke ɗauke da su, rainin launi da rainin zama mace. Idan kuwa yarinya ce, sai a ɗora mata na uku, a ce ba ta isa magana ba tukuna.

Tun daga shekarar 1896, in ji malamar, Kotun Ƙoli ta Amurka ta halatta a raba baƙi da fari a wuraren jama'a, bisa sharaɗin wai a daidaita abin da ake ba kowa. A jihohin kudu sai aka raba makaranta da asibiti da wurin shan ruwa da kujerar mota, har da maƙabarta. Rabon ya tabbata, daidaitawar kuwa ta tsaya a takarda.

Makarantar da take yoyo

Daga nan malamar ta ɗauko labarin Barbara Johns. A garin Farmville na gundumar Prince Edward, cikin jihar Virginia, akwai makarantar sakandare ta baƙar fata mai suna Moton. An gina ta a 1939 domin ɗalibai 180, amma kafin 1951 sun haura 450. Maimakon hukumar makarantu ta yi sabon gini, sai ta kakkafa waɗansu rumfuna na katako da aka lulluɓe da takarda mai kwalta. In ana ruwa su yi yoyo, in ana sanyi na kusa da murhu ya gasu, na nesa ya sandare. Babu ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, babu ɗakin cin abinci. Makarantar 'ya'yan Turawa da ke garin kuwa tana da duk waɗannan. Iyaye sun yi ta kai kuka shekara da shekaru, hukuma tana cewa a yi haƙuri.

Barbara tana da shekara 16 a lokacin. Ta kai kukanta wurin malamarsu ta kiɗa, malamar kuwa ba ta kore ta ba, ta tambaye ta me zai hana ita da kanta ta yi wani abu a kai. Yarinyar ta yi wata da watanni tana shiri a asirce da waɗansu amintattun ɗalibai. Ran 23 ga Afrilu, 1951, suka sa aka buga wa shugaban makarantar waya aka ce masa waɗansu yaransa suna ta da fitina a cikin gari. Yana fita suka aika wa kowane aji takarda cewa a hallara a zauren taro. Da labule ya buɗe, Barbara aka gani tsaye. Ta roƙi malamai su fita, domin kada a kore su daga aiki a kan abin da ba su suka shirya ba, sa'an nan ta yi wa 'yan'uwanta jawabi. A ranar ɗaliban makarantar suka fice, suka yi mako biyu ba su koma aji ba.

Malamar ta ce a lura da abin da ya biyo baya, domin nan hikimar take. Yaran ba su tsaya ga ihu a titi ba. Sun rubuta wa lauyoyin ƙungiyar NAACP, wato babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, da ke birnin Richmond. Lauyoyi biyu, Oliver Hill da Spottswood Robinson, suka zo suka saurare su, suka ce za su karɓi shari'ar in iyaye sun yarda, kuma in za a nemi a soke wariyar ɗungum maimakon neman sabon gini kaɗai. Iyaye suka taru a majami'a suka goyi bayan 'ya'yansu. A watan Mayu na shekarar aka shigar da ƙara da sunan ɗalibai 117. Sun faɗi a kotun farko, suka ɗaukaka. Aka haɗa ƙararsu da waɗansu huɗu daga wurare dabam dabam, ran 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci baki ɗaya cewa raba makarantu saboda launi ya saɓa wa tsarin mulki. Cikin ƙararrakin nan biyar, ta Farmville ce kaɗai ɗalibai suka taso da ita da kansu.

A nan malamar ta tsaya ta ce Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma gaskiya ne, gama lauyoyin nan ne suka hango cewa sabon gini ba zai warkar da cutar ba. To amma Hausawan ne dai suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaran da ruwa yake zuba a kan littattafansu su ne suka san ranar da haƙuri ya ƙare. Aiki ya yi kyau ne saboda kowane ɓangare ya karɓi abin da ɗayan ya zo da shi.

Sai dai abin bai zo da arha ba. An ƙona gicciye a filin makarantar, wanda alama ce ta barazanar kisa daga 'yan ta'addar farar fata. Dole iyayen Barbara suka tura ta garin Montgomery na jihar Alabama wurin baffanta Vernon Johns, wanda yake limamin majami'ar da Martin Luther King ya gada daga baya. Hukumar gundumar kuwa, da ta ga babu makawa sai an haɗa yara, sai ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 har 1964. Yara da yawa na baƙar fata suka yi shekara biyar babu karatu. Barbara ta ƙare rayuwarta tana aikin ɗakin karatu a makarantun Philadelphia, ta rasu a 1991, galibin mutanen ƙasar ba su san sunanta ba. Sai a 2020 jihar Virginia ta cire mutum-mutumin Janar Robert Lee, jagoran sojojin masu riƙon bayi, daga ginin majalisar dokokin Amurka, ta zaɓi Barbara ta maye gurbinsa.

Wadda ta riga Rosa Parks

Labari na biyu na Claudette Colvin ne, 'yar shekara 15, a garin Montgomery. Ran 2 ga Maris, 1955, tana dawowa daga makaranta cikin bas, direba ya umarce ta ta tashi ta bar wa wata Baturiya wurin zama. Ta ƙi, ta ce ta biya kuɗinta kuma tsarin mulki ya ba ta haƙƙi. 'Yan sanda suka jawo ta daga motar, suka sa mata ankwa, suka kulle ta. Wannan ya faru wata tara kafin a kama Rosa Parks a kan irin wannan laifi ran 1 ga Disamba, 1955.

Malamar ta ce kada a zaci yarinyar ta yi haka ne da ka. A makaranta ana koya musu tarihin baƙar fata a watannin nan, kuma tana cikin reshen matasa na NAACP, wanda Rosa Parks ɗin ce take kula da shi, tana koya musu haƙƙinsu. Amma da shugabannin garin suka zauna neman wanda za a kafa gwagwarmaya a kansa, sai suka tsallake Claudette. Sun ga yarinya ce, 'yar talakawa, daga baya kuma ta sami juna biyu ba aure, suka ji tsoron abokan gaba za su sami abin zagi. Ita kanta ta sha faɗi cewa duhun fatarta ma yana cikin abin da ya sa aka ajiye ta gefe.

Da aka kama Rosa Parks, ƙungiyar siyasa ta matan garin, ƙarƙashin Jo Ann Robinson, ta kwana tana buga dubban takardun kira, baƙar fata suka ƙaurace wa motocin bas har kwana 381. Amma malamar ta jawo hankalin masu sauraro cewa hukuncin kotu ne ya kashe dokar. A watan Fabrairu na 1956 lauya Fred Gray ya shigar da ƙara a kotun tarayya, mata huɗu suka tsaya a kanta har ƙarshe. Biyu daga cikinsu 'yan mata ne, Claudette Colvin da Mary Louise Smith, wadda aka kama tana da shekara 18. Yarinyar da aka ce ba ta dace a sa ta gaba ba, ita ce ta tsaya gaban alƙalai ta ba da shaida. Kotu ta ba su gaskiya a watan Yuni, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Nuwamba, a watan Disamba wariya ta ƙare a motocin Montgomery.

Bayan nasara kuwa fa? Claudette ta kasa samun aiki a garinsu, ta ƙaura zuwa New York a 1958, ta yi shekara 35 tana aikin jinyar tsofaffi. Laifin da aka rubuta mata na cewa ta daki ɗan sanda bai goge daga takardun kotu ba sai a 2021, tana da shekara 82. Malamar ta ce in ba a kira wannan kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba, to ba ta san abin da za a kira shi ba.

Dattijuwar da ta ba yara linzami

Labari na uku, in ji ta, shi ne yake nuna yadda ya kamata a yi. A farkon 1960 ɗaliban jami'o'in baƙar fata suka fara shiga kantunan abinci da aka hana su zama, su zauna shiru har a kama su. A watan Afrilu wata dattijuwa mai suna Ella Baker, wadda ta daɗe tana aikin tsara jama'a, ta tara shugabannin ɗaliban a jami'ar Shaw da ke Raleigh. Manyan ƙungiyoyi kowace tana so ta mai da yaran reshenta. Ella Baker ta ba su shawara su kafa tasu, su riƙa yanke shawararsu da kansu, ita kuwa ta zauna bayansu tana tambaya tana gyara. Haka aka haifi ƙungiyar ɗalibai ta SNCC.

Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Diane Nash, ɗalibar jami'ar Fisk a birnin Nashville, tana da shekara 21. Kafin su fita ko sau ɗaya, ita da 'yan'uwanta sun yi watanni suna karɓar horo wurin James Lawson a kan yadda mutum zai daure zagi da duka ba tare da ramawa ba. Ran 19 ga Afrilu, 1960, bayan an jefa bom gidan lauyansu, dubban mutane suka yi jerin gwano shiru zuwa ofishin magajin gari, Ben West. A bakin matakala Diane ta tambaye shi gaban jama'a ko yana ganin daidai ne a ƙi sayar wa mutum abinci saboda launinsa. Ya amsa cewa ba daidai ba ne. Kafin mako uku ya wuce, kantunan farko suka buɗe wa kowa.

A watan Mayu na 1961 waɗansu 'yan gwagwarmaya, baƙi da fari, suka shiga motocin safa tare domin su gwada dokar da ta hana wariya a tafiye-tafiye tsakanin jihohi. Aka ƙona motarsu a Anniston, aka yi musu jina-jina a Birmingham, tafiya ta tsaya. Diane Nash ta ce in aka bari duka ya tsai da su yau, to an koya wa abokan gaba maganinsu har abada. Ta shirya ɗaliban Nashville suka ci gaba da tafiyar, waɗansunsu sun rubuta wasiyya kafin su tashi. Kafin ƙarshen shekarar gwamnatin tarayya ta tilasta a cire allunan wariya daga tasoshin mota.

Duk da haka, ran 28 ga Agusta, 1963, sa'ad da mutum wajen 250,000 suka taru a Washinton, ba a ba mace ko ɗaya damar yin ɗaya daga cikin manyan jawaban ranar ba. An dai ambaci sunayen waɗansu, har da Diane Nash, aka tafa musu, Daisy Bates ta yi 'yan kalmomi kaɗan, aka wuce. Malamar ta ce wannan ya isa ya nuna cewa ƙungiya tana iya yaƙar zalunci a waje alhali tana da nata a cikin gida.

Har yanzu ba a gama ba

Ta ci gaba da cewa gadon nan bai yanke ba. A 2016 matasan ƙabilar Sioux na Standing Rock, da 'yan mata a kan gaba, suka yi gudun karɓa-karɓa na kusan mil 2,000 daga Dakota ta Arewa zuwa Washinton, domin su kai takardar ƙin yarda da bututun mai da za a bi da shi ƙarƙashin kogin da suke sha. An dakatar da aikin a ƙarshen shekarar, amma sabuwar gwamnati ta sake buɗe shi a 2017. Ba kowace gwagwarmaya ce take cin nasara a karon farko ba.

Ran 25 ga Mayu, 2020, a birnin Minneapolis, Darnella Frazier, 'yar shekara 17, ta tsaya da wayarta ta ɗauki hoton ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara har ya mutu. Sanarwar farko ta 'yan sanda ta nuna kamar rashin lafiya ce ta kama mutumin. Hoton yarinyar ne ya ƙaryata su, ita kuma ta je kotu ta ba da shaida, a 2021 aka ɗaure ɗan sandan shekara 22 da rabi. An ba ta lambar yabo ta musamman ta Pulitzer, amma ta gaya wa kotu cewa takan kwana ba barci tana neman gafarar mamacin don ba ta iya cetonsa ba. Nauyin da yarinya take ɗauka ke nan bayan 'yan jarida sun watse.

Abin da ya rage wa jam'iyya

Malamar ta ce ba don nishaɗi ta kawo waɗannan labarai ba. A daidai shekarun da Barbara Johns take fitar da ɗalibai daga aji, a Zariya akwai Gambo Sawaba, wadda ta shiga NEPU tana da shekara 17, ta je har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti domin ta ƙaru, ta sha ɗauri sau da yawa a kan neman a ba matan Arewa ƙuri'a. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979. A 2018 an rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Amma a zaɓen 2023, matan da suka shiga majalisar dattawa mai kujera 109 ba su kai 5 ba, na majalisar wakilai mai kujera 360 kuwa ba su kai 20 ba. Doka ta buɗe ƙofa, jam'iyyu ne suka tsaya a bakinta.

Saboda haka ta roƙi shugabanni abu uku da ta ce labaran nan sun koyar. Na farko horo, domin babu ɗaya cikin 'yan matan nan da ta tashi haka kawai, kowace akwai malama ko reshen matasa a bayanta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A koya wa 'yan mata tsarin mulkin ƙasa da na jam'iyya, da dokar zaɓe, da yadda ake rubuta takardar koke da rahoton taro. Na biyu linzami, irin wanda Ella Baker ta bayar. Reshen da ake kiran 'yan matansa ranar gangami kawai, su sa anko su yi guɗa su raba ruwa, sa'an nan a rufe ƙofa in za a tsai da ɗan takara, ba reshe ba ne, 'yan rakiya ne. A ba su kujera mai ƙuri'a a kwamitin mazaɓa, a sa su wakilan jam'iyya a rumfunan zaɓe, a sauƙaƙa musu kuɗin takardar takara. Na uku kariya, wanda aka kasa yi wa Claudette Colvin. Yarinyar da ta fito ta yi magana za a taɓa mutuncinta kafin a taɓa hujjarta. Ranar nan ce ake gane jam'iyyar ƙwarai, in ta ba ta lauya, ta tsaya mata gaban iyayenta da unguwarsu, ba ta ce ta koma gefe har ƙura ta lafa ba.

Ga 'yan matan kuwa ta ce, su lura cewa Barbara ta yi shiri kafin ta yi jawabi, ta nemi lauya kafin mako ya zagayo, ta kuma shawo kan iyaye suka sa hannu. Kowace ta dubi unguwarsu ta ga inda yake yoyo, ko aji ne marar rufi, ko famfon da ya ƙafe, ko asibitin haihuwa marar unguwarzoma, ta rubuta shi da kwanan wata, ta nemo 'yan'uwa, su kai shi inda ya kamata, su kuma koma su tambayi amsa. Ga samari ta ce, wanda ya yi wa 'yar'uwarsa ihu don ta ɗaga hannu a taro, ya tuna da direban bas ɗin Montgomery.

Daga ƙarshe malamar ta yi kira ga dattawa da iyaye mata da kada su bari sai jikokinsu ne za su zo suna neman sunayen 'yan matan da suka yi wa jam'iyya wahala, kamar yadda Virginia ta yi kusan shekara 70 kafin ta girmama Barbara Johns yadda ya kamata.